Ba Na Ji

Rikoto, Zuru
9 ga Maris, 2006

Zuwa ga Saloma, 'yar kawuna,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarki Sandra da mijinta da yara. Ni ma lafiya, gwargwadon lafiyar tsoho a garin da ya manta da shi.

Shekara bakwai ke nan ban rubuta miki ba, kuma kin san dalili. In kin manta, ni ban manta ba. Ranar da aka binne matata Rifkatu, ina tsaye a ƙofar coci bayan an tashi, kika fito a cikin mata. Tsakanina da ke bai wuce tsawon tabarma biyu ba. Na ɗaga miki hannu. Kika dube ni kamar yadda ake duban turken akuya, kika wuce. Da yamma aka ce kin hau motar Kontagora. Wato tun daga Kaduna kika taso, kika sha wannan muguwar hanya, don ki nuna min ban isa ki yi min ta'aziyya ba. Uwata da ubanki ciki ɗaya suka fito. Ni da ke a ƙwarya ɗaya muka ci tuwon Kaka a ƙauyenmu Kanya. Na san wasan taubasai, na kuma san inda yake tsayawa. Ba ya kaiwa bakin kabari.

Kada ki ɗauka ke kaɗai na ware. Garin duka haka ya koma. Rayuwata a aji na ƙarar da ita, rabinta ina hedimasta. Yaran da na koya wa riƙon fensir yau kanar-kanar ne da manjo-manjo. Su zo hutu, su sauke gilashin mota, su motsa leɓe, su wuce. Matasa sun daina buɗe baki in za su yi magana, sai gunguni. Sabon fastonmu raɗa yake yi in ya hau wa'azi. Sai in ga jama'a sun fashe da dariya, ni kaɗai aka bari a baya. Na koma kujerar gaba, bai ga dama ya ɗaga murya ba. Lawwali mai gyaran rediyo, wanda muka yi firamare tare, shekarar da ta wuce waccan na miƙa masa hannu ya ba ni hagu. Hagu, Saloma. Ban sake bi ta layinsu ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Autata Beatrice za ta yi aure a Disamba. Sunan yaron Prosper, kofur ne a soja. Bai yi min golmo ba, noman shekara bakwai da saurayi yake yi wa uban yarinya a al'adarmu, ko kunya ɗaya bai taɓa nome min a gona ba, amma an ce yanzu ba a tambayar wannan. Beatrice ta ce ba za ta shiga coci ba sai ke kin tsaya mata a matsayin uwa, kin kuma kai ta ɗakinta. Na ce akwai matan zumunta na coci. Ta ce ba zumunta ce ta goya ta ba. Ta daina cin abinci kusa da ni har sai na rubuta miki. To, na rubuta. Ba roƙonki nake yi ba. Saƙo ne na isar.

Philip
Hedimasta mai ritaya


Sabon Tasha, Kaduna
2 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga bawan gidanmu, Hedimastan Duniya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Muna nan lafiya lau. Sandra ta ƙara haihuwa, namiji, kansa irin naka, muna addu'a ya fi ka hali. Maƙwabciyata Rabi ce take rubuta min wannan, don ni biro ya daɗe da fita raina, ita ce kuma ta karanta min taka. Da ta kai wurin turken akuya sai da ta aje takardar ta yi dariya ta more.

To Malam, tunda ka tono naka, bari in tono nawa. Ni ban gan ka a ƙofar coci ba. Abin da na sani, da aka dawo gida na tambaya ina kake, aka ce kana can ƙarƙashin mangwaro kai kaɗai. Matar Arzika, tsohon sajan nan, ta riƙe hannuna ta kai ni. Na durƙusa a bayanka, da gwiwoyin nan nawa, na ce, "Philip, sannu da haƙuri." Shiru. Na sake faɗa da yarenmu C'lela, irin yadda Kaka take yi wa mutane ta'aziyya. Shiru. Na kira ka da sunan da babu mai sauran sani sai ni, na ce, "Ɗan Tsako, ni ce." Ko wuyanka ba ka juya ba. Ƙeya ka ba ni, ranar da na zo maka da hawayena. Kuma da ƙullin kayana na zo, na yi niyyar in kwana maka biyu, in dafa wa baƙi, in an watse in rera maka waƙar niƙan Kaka wadda kake laɓewa bayan rumbu kana saurare. Sai na tashi na kakkaɓe zanena. Kuka na yi har Kontagora, wata Bayarabiya a motar tana ta ɓare min lemo. Na ce wa kaina, shi ke nan, boko ya ƙarasa shi.

Maganar Beatrice kuwa, ɗiyata ce. A bayana ta yi barcinta lokacin da Rifkatu take kwance da ciwon nono, ba sai ka kawo min saƙonta kamar masinjan kotu ba. Amma gidan naka ne. Ba na shiga gidan da aka ba ni ƙeya sai mai gidan ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Kalma kaɗan ta isa. Kai da ka tsufa kana sa 'ya'yan mutane cewa "na tuba, Malam", gwada ka ji yadda take a baki. Rabi ta ce ba za ta rubuta wannan ba, wai da nauyi. Na ce rubuta, bawana ne.

Sandra tana da wayar hannu, an ce Beatrice ma ta yi. Ka karɓa mu zagi juna da baki, takarda tana sanyaya zagi kafin ya iso.

Uwar ɗakinka,
Saloma


Rikoto, Zuru
21 ga Mayu, 2006

Saloma,

Takardarki ta iso ta hannun direban motar Kaduna. Ina taya Sandra murna, a shafa min kan yaron. Ruwa ya sauka nan, an fara shuka. Ƙafata ta hagu a ɗaure take, amma da sauƙi.

Tun ranar da na karanta na rubuta miki amsa, shafi biyu, na nuna dalla-dalla cewa babu wanda ya durƙusa a bayana ranar nan. Ban aiko ba. Ga abin da ya hana.

Ranar kasuwa na fita sayen irin dawa. Ina tafiya a gefen hanya, gefena na kullum, sai kawai na tsinci kaina a cikin kwandon tumatirin wata mata, babur a kan ƙafata. Na miƙe na cafki rigar ɗan kabu-kabun, na tambaye shi ko ba a nuna masa inda ham yake ba. Ya rantse ya danna. Na ce ƙarya yake yi. Sai kasuwa ta taso min. Mai tumatir, wadda ita aka yi wa ɓarna, ta goyi bayansa. Arzika, tsohon sajan, ya dogaro sandarsa ya zo ya sa fuskarsa dab da tawa, ya daka min tsawa irin ta filin fareti: "Malam! Tun daga kwanar mahauta yake yi maka ham! Awaki ma sun ba shi hanya!" Jama'a suka kwashe da dariya. Na saki rigar.

Kwanakin da na yi ban iya fita ba, a ƙarƙashin mangwaron nan na yi su, a kan kujerar da na zauna ranar jana'iza. Na lura kujerar ƙeya take ba ƙofar gida. Da matar Arzika ta zo duba ni, na tambaye ta ko ta tuna ta kawo ki wurina a ranar. Ta gyaɗa kai.

Kin ce kalma kaɗan ta isa. Ga ta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Beatrice, kuma ban zaci hannuna zai yarda ya rubuta ba. Saloma, ba na ji. Da alama na daɗe ba na ji, ni ne dai ban yarda ba.

Kada ki kira wayar. Ki rubuta.

Philip


Sabon Tasha, Kaduna
11 ga Yuni, 2006

Ɗan Tsako,

Halleluya! Gaisuwa da murna. Muna lafiya, yaron Sandra ya fara dariya, ni ma haka tun da takardarka ta zo. Na sa Rabi ta maimaita min wurin nan har ta gaji, ta ce in bar ta ta je ta sauke miya.

Wai ba ka ji! Yau ka sani? Duk Kanya ta san ba ka ji tun kana da wando ɗaya. Kaka ta ce kada ka hau tsamiya, ka hau, muka kwaso ka da hannu a karye. Ta ce kada ka taɓa tukunyar burkutun Kawu, aka same ka kana yi wa kaji wa'azi da Turanci. Ka manta ranar da ta kama kunnenka ta ɗaga ka sama, ta ce wannan kunnen ado kawai aka yi shi? Yanzu ka kai saba'in, sai da babur ya tura ka cikin tumatir sannan ka yarda. Ai ko ham ɗin jirgin ƙasa aka yi maka, kai ba mai ba wani hanya ba ne. Allah ya yi wa ɗan kabu-kabun nan albarka, ya yi abin da Kaka ta kasa.

Na ba matan zumunta labari ranar Alhamis. Na ce taubashina hedimasta ya rubuto da hannunsa cewa ba ya ji, kuma wai ya daɗe ba ya ji. Wata sai da ta riƙe ciki.

Ban taɓa jin ka ce ka yi kuskure ba, to na karɓi wannan a matsayin tubanka. Na yafe. Ina zuwa. Ka gaya wa Beatrice ta aiko da kalar ankon, kuma kada ta zaɓi ruwan toka, na tsufa da yawa. Waƙar Kaka tana nan a bakina, ba ta zube ba, ranar kai amarya zan sauke muku ita.

Abu ɗaya. Jiya Sandra ta kira min wayar Beatrice. Da kunnena na ji tana cewa, "Baba, ga Gwaggo," aka yi shiru, ta dawo ta ce wai ka shiga ɗaki. Rashin jin dai bai gama fita ba. Ba komai, in na zo na ƙarasa cire shi da muciya.

Taka,
Saloma


Rikoto, Zuru
30 ga Yuli, 2006

Saloma,

Na sami takardarki. Muna lafiya.

Na gode da kika kai maganata gaban matan zumunta. Ina fata wadda ta riƙe ciki ta warke. An yi min dariya a kasuwar Zuru, ban san za a ƙarasa ta a Kaduna ba.

Kada ki wahalar da kanki da hanya. Na yi magana da matar fasto, za ta tsaya wa Beatrice. Yarinyar za ta yi kuka ta gaji.

Philip


Sabon Tasha, Kaduna
15 ga Oktoba, 2006

Philip, ɗan gwaggona,

Gaisuwa. Dubi rubutun nan da kyau. Ka ga yadda baƙaƙen suke manya-manya suna hawa dutse? Hannuna ne, ba na Rabi ba. Kada ka sa min jan biro.

Takardarka ta Yuli ta ƙona ni. Na ce wane irin mutum ne wannan, ya tuba da safe ya kore ni da yamma? Na rantse ba zan amsa ba, ban kuwa amsa ba. Sai makon jiya Beatrice ta zo Kaduna sayen kayan ɗaki, ta same ni da auduga a ido. Na zazzage mata duka, har da maganar matan zumunta. Ta dafe kai ta ce, "Gwaggo, ba rashin ji na taurin kai yake nufi ba. Kunne ne. Baba ba ya jin magana sai an tsaya a gabansa an ɗaga murya. Ya zaci ban sani ba." Philip, a ƙasa na zauna. Ka miƙo min ciwonka a tafin hannu, na ɗauka na yi ta buga ganga da shi. Ka yafe min. Amma kai ma, da duk karatunka, a duk Hausar duniya ba ka sami wata kalma ba sai wadda Kaka take zaginka da ita?

Yanzu ga nawa. Ba biro ne ya fita raina ba. Yanar ido ce ta rufe min idanu, duka biyun. Ranar jana'izar Rifkatu mutane inuwa ne kawai a wurina, farin ɗankwalin matar da ke gabana nake bi. Ko tuta ka ɗaga min a ƙofar cocin nan, ba zan gani ba. Na ɓoye don kada Sandra ta hana ni tafiya, daga baya kuma na ci gaba da ɓoyewa don ban so a riƙa ce min sannu. Ashe kai kana ɗaga wa makauniya hannu, ni ina yi wa kurma ta'aziyya ta baya, muka koma gida kowa yana jin shi aka wulaƙanta.

An yi min aikin idon dama a watan jiya, na hagu sai bayan Kirsimeti. Da aka buɗe, abin da na fara gani wata tsohuwa ce a madubi, na tambaya wa ya kawo ta. Na biyu Rabi. Duk zaman da muka yi ban san tana da wushirya ba.

Da ka ga layin asibitin nan. Tun daga ƙofa har bakin titi furfura ce zalla, kowa da mai ja masa sanda. Ga tsohon alƙali, ga liman, ga mai ƙosai, ga wani da ya yi yaƙin basasa a bataliya ɗaya da marigayi mijina. Muna zaune muna gasa. Wannan ya ce suga, waccan ta ce hawan jini, wancan ya ce gwiwa da baya. Wata tsohuwa daga Kafanchan ta ce ita duka tana da su, har da haƙori, muka tafa mata. Nas ta ce da wuya ta ga tsohon da abu ɗaya kaɗai ke damunsa. Kai kuma kana can Rikoto ka rufe ƙofa, ka zaci kai kaɗai aka zaɓa. Na koma wurin matan zumunta na gyara labarin. Uku sun ce in tambaye ka ko ka sami magani, mazansu ma haka suke.

Kafin ka ƙara yanke wa wani hukunci a garin nan, ka matsa kusa ka dubi jikinsa tukuna.

Ka sallami matar fasto cikin mutunci. Ina zuwa. In ka tsaya a ƙofa ka ce in koma, ni ma zan ce ban ji ba.

Saloma, da hannunta


Rikoto, Zuru
5 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga Saloma, mai ido ɗaya,

Bayan gaisuwa, ina yi miki barka da aiki, Allah ya sa na hagun ma ya zo da sauƙi. Ƙafata ta warke. Dawa ta yi kyau bana. Rubutunki yana da kurakurai da yawa, na ga dama na bar su.

Na karanta takardarki ina so in ci gaba da fushi, don na saba da shi, ya zame min kamar tsohuwar riga. Da na kai wurin makauniya da kurma, Beatrice ta fito da gudu daga kicin, ta zaci shaƙewa na yi. Ta ce ta manta yadda dariyata take.

Na bi shawararki, ba don ke kika bayar ba. Na je layin su Lawwali. Na same shi zaune a ƙofar shago, ɗansa ne yake gyaran rediyon yanzu. Na miƙa hannu, ya miƙo hagun nan dai. Wannan karon na tsaya na dubi daman. Yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya ɗaga shi da hagun, ya saki, ya faɗi. Sannan ya jawo ni ta wuyan riga, ya sa bakinsa, wanda ya ɗan karkace, a kunnena na dama.

"Filibus, ai a ranar na gaya maka! Na ce ka yi haƙuri da hagu, dama ya tafi hutu. Ka juya ka tafi kamar na zagi uwarka!"

Na ce masa, "Lawwali, ba na ji."

Ya ce, "Kowa ya sani! Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba, don ba ka ji!"

Yanzu kullum bayan la'asar ina kan bencin ƙofar shagon. Mu huɗu ne: ni, da Lawwali, da Arzika wanda gwiwoyinsa suka yi ritaya kafin shi, da Zakariyya tsohon malamin dabbobi wanda suga ya ci masa ido. Ni nake karanta musu jarida, tunda ina da ido, kuma an ce muryata tana kaiwa tasha. Arzika yana kwarara min labaran rediyo a kunne, yana ƙara nasa. Zakariyya ne mai tuna sunayen mutane. Lawwali yana raba goro da hagu, babu mai fushi. In aka haɗa mu huɗun, za a sami cikakken mutum ɗaya, mai yawan gardama.

Kada ki ɗauka na ce garin ya gyaru. Hanya tana nan yadda take, makarantar da na bari rufinta ya yaye babu mai kulawa. Amma shekaranjiya wani manjo ya sauke gilashi ya motsa leɓe, na nuna masa kunnena. Ya kashe mota, ya fito, ya cire hula, ya ƙwala min "Ina wuni, Malam!" har kaji suka watse. Ashe gaisuwa suke yi.

Matar fasto ta ce dama ba ta so, ƙafarta tana kumbura in ta daɗe a tsaye. Ankon shuɗi ne. Ki zo. In za ki zage ni, ki tsaya ta dama.

Bawanki, tunda kin nace,
Philip


Rikoto, Zuru
14 ga Janairu, 2007

Zuwa ga uwar amarya,

Bayan gaisuwa, ina fata kin isa lafiya, gajiyar biki ta sake ki. Beatrice ta aiko daga barikin cewa suna lafiya, tana gaishe ki. 'Yan benci suna gaishe ki. Arzika ya ce har yanzu gwiwarsa ba ta yafe miki rawar da kika ja shi ya taka ba.

Gidan ya yi shiru, amma wannan ba sabon abu ba ne a wurina.

Ina sanye da na'urar ji da Prosper ya kai ni asibiti aka auna min kafin biki. Na gaya masa na karɓe ta a madadin golmo, saura shekara shida. Ya ƙame ya sara min. Yaron yana da hankali, ko da yake soja ne. In mutum ɗaya yana magana a kusa, ina kama kusan komai. Na gano fasto ba raɗa yake yi ba, kuma wa'azin nasa bai kai yadda nake zato ba.

Har yanzu ina dariyar saukarki a tasha. Na shirya jawabi tun a gida. Kika sauko, kika rufe idon hagu da tafin hannu, kika ƙare min kallo da sabon, kika ce, "Kai! Ashe haka ka lalace? A mayar min da yanata." Wannan ce maganarki ta farko da ta shiga kunnena bayan shekara bakwai, kuma na ji ta tsaf. Jawabin ya tafi.

Kin tsaya wa yarinyar nan yadda uwarta za ta so. Na ga lokacin da kika gyara mata lulluɓi a ƙofar coci, daidai inda na taɓa ɗaga miki hannu. Na sake ɗagawa don gwaji. Kika ɗaga naki, kika yi min gwalo a gaban fasto. Lawwali ya ce bai taɓa cin shinkafar biki mai daɗin wannan ba, ko da yake rabinta a rigarsa ta ƙare. In an buɗe idon hagun ki dawo da damina, akwai wuri a benci, Zakariyya yana neman wanda zai ba shi labarin asibitin.

Naki,
Ɗan Tsako

Kin tambaye ni a tasha ranar komawarki yadda na ji waƙar Kaka, na ce miki ta yi daɗi. Na ga kin tsaya a tsakar gida, na ga kin dafa kafaɗar Beatrice, na ga tsofaffin matan Kanya suna share ido suna amsawa. Na'urar magana take kawowa, ba ta kawo waƙa. Abin da ya shigo min kamar ruwan sama ne a kan kwano. Na cire ta, shiru. Na mayar, kwano. Likitan da ya auna ni ya ce kunnen hagu ya mutu, na dama kuma abin da ya rage ke nan. A shekarar da Rifkatu ta rasu, da a gabana kika tsaya kika rera, da na ji. Kin rera ta daga farko har ƙarshe. Ban ji ko baiti ɗaya ba.